Allon Bakin Gada

Mai fenti ya kankare rabin sunan garin daga allon bakin gada ke nan, sai ya ji tsani ya girgiza. Ya leƙo ƙasa. Goggonsa ce ta riƙe shi da hannu biyu, kwandon kifinta a gefe.

"Ashe gaskiya ne," ta ce. "Kai suka samu."

"Goggo, aiki aka ba ni."

Zancen ba ɓoyayye ba ne. Masaƙar garin, wadda a da jiniyarta ke tashin mutane da asuba, ta daɗe a rufe har jemagu sun tare a ciki. Yanzu wani attajiri ya saye ta, ya ce zai buɗe, amma sai an sa wa garin sunansa. Majalisa ta amince. Aka kuma yi wa mai fenti alkawarin ɗaukar babban ɗansa aiki a masaƙar, wanda ya gama makaranta yana zaman kashe wando.

"Sunan kakar ubanka kake gogewa," in ji Goggo. "Tun babu gada babu masaƙa take fiton mutane a nan. Shekarar babbar ambaliya ta yi ta kwaso su a kwalekwale har tafin hannunta ya tsage. Waɗanda ta tsallakar ne suka kafa bukkoki, suka kira wurin da sunanta. Shi attajirin wa ya taɓa tsallakarwa?"

Sakataren majalisa ya fito daga mota. "Iya, saki tsanin nan. Suna ba ya cika ciki."

"Naka dai na ga ya cika," ta ce, tana kallon tumbinsa.

Masu jiran mota suka kwashe da dariya. Mai fenti bai yi ba. Ya tuna da ɗansa, wanda tun jiya ya goge takalmi ya ajiye. Sannan ya sauko, ya miƙa wa sakatare buroshi.

"Ranka ya daɗe, ga tsani. Hau ka rubuta."

Sakatare bai karɓa ba. "Ka san abin da ka jawo wa yaronka?"

"Na sani."

Sakatare ya shiga mota yana cewa kafin la'asar zai kawo wani mai fentin.

Goggo ta yi ƙasa da murya. "To, yaron fa?"

"Ni zan gaya masa da bakina." Ya tsoma buroshi a fenti, ya taka tsani. "Riƙe min da kyau, Goggo. Rabin da na goge zan mayar."