Bol Ɗin Ƙafar Hagu

Maganar daga bakin masu ta'aziyya ta fito: wai Auta ne bai ɗaure notin ƙafar motar ba, shi ya sa taya ta fice a kan gada, motar ta tafi da ran yayansa. Kafin ta iso kunnen uwarsu, Malama, har ta yi ƙiba, wasu na cewa ba mantuwa ba ce.

Abin da ya fi ci mata rai, Autan ma ya yarda. Shi ya taya yayan nasa, Babba, canza ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, a tsakar gida, don Babba ma'aikacin banki ne amma bai taɓa yarda ya ba bakanike motarsa ba. Yanzu Auta ya ɗauke ƙafa daga gidan. Matar marigayin in ta ji muryarsa sai ta ja yaranta ɗaki.

"Ka ɗaure ko ba ka ɗaure ba?" Malama ta tambaye shi ta waya.

"Umma, da can na san na ɗaure. Yanzu kowa yana cewa..."

"Kowan yana ƙarƙashin motar ne?"

Ta tsufa tana koyar da kimiyya, ba ta taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa ba. Ta ɗauki sandarta, ta nufi garejin da aka jawo motar.

Mai garejin ya tare ta. "Mama, ki haƙura da ganin nan, zai tayar miki da hankali."

"A kwance ka gan shi? Ɗaga mini ɓangaren hagun motar."

Ya sa jak ya ɗaga motar. Ba ta kalli kujerar direba ba. Ta dafa gwiwa, ta sunkuya inda ƙarfen ya rabu da jikin motar. Bol ɗin da ya haɗa su ya karye gida biyu, guntayen sun lanƙwashe sun maƙale a ramukansu. Notin yana nan a kan nasa guntun, zaren bol ɗin, wato tsagin da noti ke bi, ya leƙo ta bayansa sosai.

"Wanda aka manta ba a ɗaure ba, haka yake shigewa?"

"A'a. Wannan ya ɗauru har ya ci ƙarfe."

Ya buge guntayen da guduma ya zuba mata a tafi. Ta sa ya kwanto na ƙafar dama, wanda ba a taɓa ba, ta jera su. Tsayi ɗaya, kauri ɗaya, zare ɗaya. Sai dai na dama baƙi ne, da lamba a kansa, 10.9. Na hagu fari ne ƙal, kansa sumul.

"Lambar ce ƙarfinsa," in ji mai garejin. "Wannan farin ai na ƙofa ne, ko na gado. Wane sakarai ne ya..." Ya dubi fuskarta, ya haɗiye sauran.

A gida ta wuce kai tsaye ƙofar banɗakinta, inda Babba ya kafa mata ƙarfen dafawa saboda ciwon gwiwa. Ta shafa kawunan bol ɗin da ke riƙe da shi. Farare, sumul.

Ta kira surukarta, matar marigayin, ta buɗe mata tafi da guntayen a ciki.

Matar ta duba guntayen. "Ragowar na banɗakinki ne, Umma. Tsohon na motar ya yi tsatsa ya ƙi fita, sai marigayi ya yanke shi da zarto. Auta ya ce a jira a sayo. Shi kuma ya ce masa, 'Kai dai matsoraci ne, bol ai bol ne.' Har dariya muka yi."

Malama ta zauna a bakin gado. Sannan ta kira Auta, ta buɗe muryar wayar yadda surukar za ta ji.

"Umma?"

"Ka ɗaure notin, ya ɗauru. Bol ɗin ne ba na mota ba, ya karye. Yayanka ne ya zaɓe shi."