Ogan ɗin Grootsiel

Sai da aka yi hutun shan shayi sannan Fokko ya ɓata komai.

Kafin nan gwajin safiya yana tafiya sumul. Onno Tjaden ya tsaya a gaba cikin cocin ƙauyen Grootsiel ya rera rabin farko na waƙar Juma'ar Ista, ogan, ƙaton abin kiɗan cocin mai bututu, yana raka shi. Shi ne mai ba da labari, wanda nauyin waƙar ke wuyansa daga farko har ƙarshe. Muryarsa irin ta maza ce ta sama, siririya mai laushi, kuma yau ta fito masa yadda yake so. Dole ma ta fito. Da yamma Frau Lindhorst za ta zo daga Hamburg don ta saurare shi, saboda gidan operarsu, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, yana neman mai irin wannan murya. Shekara da shekaru Onno yana layin baya cikin 'yan amshi a ƙaramin gidan opera na garinsu, yau soja mai mashin kwali, gobe baƙauye mai tulun giya. Shekarunsa sun fara ja. In yau ta kuɓuce masa, ya san a layin bayan nan zai yi furfura.

"Kai Onno, ashe kai ba mutum ba ne," in ji Fokko, ƙaton da ke rera muryar ƙasa, bakinsa cike da kek. "Me kake sha ne? A wannan ogan ɗin kana hawa sama kamar mai hawa benen gidanku. Na bara, wani ɗan Bremen, a nan maƙogwaronsa ya yage. Matarsa ce ta tuƙa shi gida."

"Wane sama kuma? Kayan kiɗan da ne. A ƙasa muke."

Haka kowa ya sani a sana'arsu. In an ce za a yi waƙa da gogunan da masu tsirkiyar hanji, to an sauke murya ke nan, rabin mataki ƙasa da fiyanon zamani. A kan haka Onno ya karɓi aikin, a kan haka ya shafe hunturu yana shiri.

Fokko ya tsaya da tauna. Ya zaro ɗan ƙarfen gwada murya daga aljihu, ya buga a gwiwa, ya kanga masa a kunne. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa tsirkiyar wani goge da aka ajiye a kan benci. Muryar gogen ta fi ta ƙarfen hawa sama.

"Ka ji? Tsohon ogan ɗin nan rabin mataki yake sama da na zamani, kuma da shi kowa ya daidaita. Mataki guda cur ke nan a kan abin da kake zato." Ya ƙyalƙyale da dariya. "Au, wai ba ka sani ba? Wayyo ɗan'uwa. To inda mutumin nan yake kuka fa? Can ne ƙarshen sama."

Onno ya bi gogen da kallo. Shayin da ke hannunsa ya huce bai kurɓa ba.

Aka koma gwaji. Tun daga nesa yake hango wurin a takarda, inda wanda ya yi musun ubangidansa ya fita waje yana kuka, muryar mai labari ta yi ta hawa da shi. Kafaɗunsa suka ɗaga. Wuyansa ya sandare. Ya cika ƙirji ya turo muryar da ƙarfin tsiya, sai ta tsage tsakiyar coci kamar ta zakaran da aka shaƙe. Wata mata cikin 'yan amshi ta toshe baki da takarda.

Ya maka littafin waƙar a kan benci.

"Herr Ubben!"

Shugaban mawaƙan cocin ya leƙo daga saman bene inda ogan ɗin yake, wani busasshen dattijo mai gilashi a kan hanci.

"Lafiya, Herr Tjaden?"

"Ina fa lafiya! Kun ce kayan kiɗan da. Waye ya gaya mini wannan tarkacen bututun naku a sama yake? Ku sauke shi!"

"Tarkace?" Dattijon ya cire gilashin. "Ogan ɗin nan ya girmi kakan kakanka, yaro. In na sauke hannuna mataki guda, rabin muryoyinsa gurnani za su yi kamar kerkeci. Haka aka ƙera shi, haka za a buga shi."

"To ni haka aka ƙera ni? Maƙogwaro ne da ni, ba bututun dalma ba!"

"Ɗazu da safe ai ban ji ka yi ƙorafi ba."

"Ɗazu ban san yankan rago kuke shirin yi mini ba! A gaban baƙuwa daga Hamburg!"

"Ni ban ɓoye wa kowa komai ba," in ji Herr Ubben a sanyaye. "Tun kaka na gaya wa malamarka. Ta ce ba matsala. Ita da ta sha rera waƙa a cocin nan tun kana cikin zanen goyo."

Onno ya juya, ya bi tsakanin bencina, ya banko ƙofar har sai da ƙarfenta ya yi ƙara.

A zauren taro na bayan coci ya same ta. Frau Rademacher tana zaune ita kaɗai gaban butar shayi, da sandarta jingine a kujera. Ita ta ɗauko shi tun yana saurayi mai ihu a ƙungiyar mawaƙan makaranta. Ita ta hana shi taba, ta hana shi waƙoƙin jarumai masu tsawa da yake mutuwar so, ta ajiye shi shekaru yana hawa da sauka a kan wasali ɗaya. Bana ma ta hana shi sauraron faifan kowa. Kiɗan fiyanonta kawai, wanda take ɗaukar masa a waya.

"Kin sani," ya ce.

Ta jefa dunƙulen sukari a kofi, ta tsiyaya shayi a kai har ya yi ƙas-ƙas.

"Moin, Onno. Ko gaisuwa babu? Haka ake shigowa?"

"Kin san ogan ɗin a sama yake! Tun kaka! Kika bar ni ina shiri a ƙasa kamar wawa, don in zo in tsage a gaban mutane. Me na yi miki, Frau Rademacher? Ko so kike in mutu a layin baya don kada ki rasa mai ɗauko miki cefane?"

"Waye ya ce a ƙasa ka yi shiri?"

"Ke kika ce!"

"Na ce. Ƙarya na yi." Ta zuba madara a gefen kofin da ƙaramin ludayi, ba ta juya ba. "Makonnin farko a ƙasa na buga maka. Daga baya na hau rabin mataki. Ba ka ce uffan ba. Bayan Kirsimeti na ƙara rabi. Tun lokacin a tsayin ogan ɗin nan kake rerawa, kullum, har da wurin kukan. Ranar Talata sau nawa ka yi shi? Kana yi kana kallon agogo don kada bas ya wuce ka."

Onno ya dafa teburin da hannu biyu.

"Kin yaudare ni."

"Ƙwarai."

"Ni ba yaro ba ne!"

"Da ba yaro ba ne da na gaya maka. Na san ka, Onno. Muryarka ba ta tsoron sama, kanka ne matsoraci. Da zarar an ce maka wuri yana da tsawo sai ka ɗaga kafaɗa ka yi ihu kamar mai kiran shanu a fadama. Da safen nan na ji ka ta taga, ka yi kyau. Waye ya buɗe baki?"

"Fokko."

"Wannan buhun dankalin. Da na sani da na cika masa baki da kek tun a mota."

"Ba Fokko ne ya yi mini ƙarya ba! Murya tawa ce, wuya nawa ne. Da kin lalata ni fa? Da wani abu ya tsinke a ciki fa, kina can kina gwaji da ni kamar ɓeran asibiti?"

"Da na ji alamar gajiya ko sau ɗaya da na sauka. Kunnena bai mutu ba tukuna."

Ya zaro makullin mota.

"Ba zan yi ba. Ki hau ki rera musu da kanki."

"Sauka lafiya," ta ce, ta ɗaga kofinta. "Mashin kwalinka yana can yana jiranka."

Ya fita. Bai kai motar ba. Ya tsaya a maƙabartar coci, iskar teku tana dukan fuskarsa, yana zagin tsohuwar a ransa da duk zagin da ya sani. Daga ciki ya ji Herr Ubben yana maimaita wurin kukan shi kaɗai a kan ogan. Onno ya ciro waya, ya kunna kiɗan fiyanon da ta ɗaukar masa ranar Talata, ya kanga a kunne ɗaya, ya bar ɗayan ga coci.

Ɗaya suke. Ko gashi ba ya ratsa tsakaninsu.

Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Da ƙarya take yi yanzu ma, da ya shiga mota hankalinsa kwance.

Da yamma cocin ya cika maƙil da manoma cikin baƙaƙen kaya. A benci na tsakiya ga wata mata mai gajeren gashi da jan mayafi a wuya, ba ta yi kama da 'yan ƙauyen ba. Can baya, kusa da ƙofa, ga sandar Frau Rademacher. Fokko ya matso zai tofa masa fatan sa'a a kafaɗa yadda mawaƙa suka saba.

"In ka ƙara buɗe bakin nan yau, sai na cusa maka ƙarfenka a ciki," in ji Onno.

Aka fara. Bai rera don baƙuwar ba, ya ma manta da ita. Tsohuwar yake kallo, kowace kalma yana jifanta da ita. Labarin cin amana ne dama, kuma yau bai buƙaci a koya masa yadda ake jin sa ba. Da aka doso wurin kukan sai ya ji kafaɗunsa za su ɗaga. Ya danne su. Matsoraci, ko? Mai kiran shanu? Bai cika ƙirji ba, bai tura ba. Ya saki muryar siririya yadda ya yi ranar Talata yana kallon agogo, ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya can ƙarƙashin rufin tana rawa kaɗan, sannan ta sauko lafiya. Wani tsohon manomi a layin gaba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

A irin wannan rana ba a yi wa mawaƙa tafi. Da aka gama sai ƙararrawa ɗaya ta yi ta bugawa, mutane suka tashi suka fita shiru. Onno ya tsaya da littafi a hannu, rigarsa sharkaf, bai san ko ya ci ko ya faɗi ba.

A bakin zauren taro mai jan mayafin ta tare shi.

"Herr Tjaden? Lindhorst. Masu ihu a sama ina da su har sun yi mini yawa. Wanda zai hau can bai tayar da jijiyar wuya ba nake nema. Daga kaka, shekara biyu, ƙananan matsayi tukuna. Kada ka sa ran takobi da doki, a masoyi za ka yi ta fitowa." Ta gyara mayafinta. "A wannan ogan ɗin kuma! Waye malaminka?"

Onno ya nuna da haɓa, bai ko kalli wurin ba.

Da baƙuwar ta tafi ya je ya zauna gaban Frau Rademacher. Ta riga ta zuba masa shayi. Ya shanye a kurɓi ɗaya, ya ɗauki cokali ya saka cikin kofin, yadda mutum yake yi a ƙasar nan in ya ƙoshi ba ya son ƙari. Ya tura kofin gabanta.

"Na samu," ya ce. "Kuma ni da ke mun gama. A Hamburg zan nemi malamin da zai riƙa gaya mini gaskiya."

"Ka nema. Akwai su da yawa, za su gaya maka tsayin kowane wuri har ka shaƙe."

"Da gaske nake, Frau Rademacher."

"Na ga alama." Ta sa yatsu biyu ta cire cokalin, ta ajiye a gefe, ta jefa sabon sukari. "Kofi uku ake sha kafin a sa cokali, ɗaya ka sha. Uwarka ba ta koya maka ba? Kuma a rabi na biyu ka haɗiye ƙarshen kalmomi, sau biyu na ji."

"Ban haɗiye komai ba!"

Har mutanen teburin gefe suka waiwayo. Ta ci gaba da tsiyaya shayin. Onno ya harde hannu a ƙirji yana huci, yana kallon sukarin yana fashewa, bai tashi ba.