Ba Amin Ba

Fankoki huɗu ne a cocin, amma uku ne ke da rai. Ta huɗun ta mutu tun kafin a yi wa Auta baftisma, an dai bar ta a rataye don kada rufin ya yi giɓi.

A cikin ukun, ta tsakiya ce tsohuwa. Duk zagaye ɗaya sai ta ce ƙiƙ, kamar mai ciwon gwiwa tana hawa matakala. A ƙarƙashinta, benci na uku, nan ne wurin Mama, mahaifiyar Auta. Shekara arba'in ba ta fasa sujadar Lahadi ba. Ba a rubuta sunanta a bencin ba, amma ko baƙo ne ya shigo, ƙafarsa da kanta take kauce wa wurin. Kuma a cocin nan, in aka yi addu'a, amin ɗin Mama ke fara fita, sannan na kowa ya biyo baya. Ba wanda ya tsara haka, tun tuni dai haka ake yi.

Auta tela ce. Ranar Lahadi kuwa ita ke tsayawa a bakin ƙofa, ta ce wa mutane sannu da zuwa, ta nuna musu wuraren da suka riga suka sani. Makunnan fankokin suna jikin bango daidai kafaɗarta, don haka ita ke kunnawa, ita ke kashewa. A bazara babu muƙamin da ya kai wannan, sai dai ba a karanta shi a sanarwa.

Ana nan sai sakataren coci ya tafi kwas na mako biyu. Ya dawo da takarda mai hatimi, da kwat mai kauri, da wani ƙarfe mai ƙafa uku na ɗora waya. Tun daga ranar ya daina amsa Sakatare, sai an ce Darakta. Daraktan me, ba wanda ya tambaya, don gudun kada ya yi bayani.

Ranar Lahadi da safe ya tare Auta a ƙofa.

"'Yar'uwa, daga yau za a riƙa haska sujadarmu kai tsaye a waya. Ƙarar fanka na ɓata sauti. Daga addu'ar buɗewa har ta rufewa, a kashe su."

"Duka?"

"Duka. Duniya na kallonmu."

"Mutum nawa ce duniyar?"

Ya duba waya. "Bakwai. Amma ana ƙaruwa."

"Har da Madam?" Matarsa na zaune a bencin gaba, tana kallon bagade a wayarta, alhali in ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

"Madam ma duniya ce," in ji shi.

Auta ta kashe. Ba a yi minti goma ba kwanon rufin ya fara ƙas-ƙas, bencina suka kama bayan mutane kamar an shafa musu danƙo. Aka ɗauko takardun waƙa ana fifita, Darakta ya ɗaga yatsa ya nuna waya, aka ajiye. Mama ta zauna har ƙarshe, gumi na bin wuyanta. Wajen tashi sai da Auta ta riƙe ta, don jiri ya ɗebe ta. Dama likita ya ce ita da zafi su yi nesa da juna.

A gida sai da Mama ta shanye kofi biyu na ruwa, sannan ta dubi Auta.

"Da hannunki kika kashe."

"Sa ni aka yi, Mama."

"Na ga wanda ya sa ki. Amma hannun da na gani naki ne."

Lahadin da ta biyo baya, Mama ta ja kujerarta zuwa inuwar bangon gida, ta ce Allah ya san gidanta, ya kuma san inda inuwa take. Auta ta yi roƙo har ta gaji. Ta tafi ita kaɗai, ta tsaya a ƙofa tana kallon bencin nan na uku wayam. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Lafiya Mama?" Ta ce lafiya, abin na cin ta a rai. Da aka zo amin kuwa, kowa ya jira kowa, sai amin ɗin ya fito a warwatse kamar an zubar da maɓallai a siminti.

Bayan sujada ta sami Baba Fasto a ofis. Mutum ne mai haƙuri, wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba, bai kuma taɓa gyara komai ba.

"Za mu sa abin a addu'a, 'yata."

"Baba, makunni ne fa. Yatsa ɗaya."

"To, za mu sa yatsan ma."

Tana fita ta ga abin da yake cusawa a jaka: wata 'yar fanka mai batir, wadda yake ɓoyewa a bayan mumbari.

Ranar Talata shugabar mawaƙa ta kawo siket a sauya mata zif. Ta zauna a kan kujerar roba, ta duba hagu da dama, ta rage murya.

"Auta, kin ji mu ranar Lahadi?"

"Na ji. Na zaci waƙa biyu kuke yi lokaci ɗaya."

"Uku ne. Kin san me na gano? Shekara ashirin ashe fankar tsakiya muke bi. Ta ce ƙiƙ, mu shiga. Ita ce shugabar mawaƙa, ni ɗaga hannu kawai nake yi."

Mutane suka fara zuwa a makare, wasu su tsaya a waje jikin taga, wasu su tuna suna da baƙi. Darakta ya duba bencina, ya duba takardarsa mai hatimi, ya gano ciwon. Ikilisiya ta yi sanyi. Ya shirya addu'a ta musamman, ya kuma zo shagon Auta da kansa da yadi fari, a ɗinka masa rubutu da jan ƙyalle, manya-manya.

Auta ta karanta takardar. Ta ɗago ta dube shi, cikin kwat ɗinsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan kekenta.

"Haka zan sa?"

"Harafi ɗaya kada ki canja. An yi nazari."

Ba ta canja ba. Ta kai gida don ta ƙarasa kalmasa baki, ta shimfiɗa a tsakar gida. Mama ta leƙo daga kujerarta.

"Me ya ce?"

"Ya ce, a kawar da sanyi, a hura wuta."

"Sake."

Ta sake.

Mama ta kalli sama, inda rana ke tsaye ba ko ƙyallen gajimare. "Goge min zanena na zuwa coci."

"Mama, ba za a kunna ba fa. Kin san abin da likita ya ce."

"Na sani. Sau ɗaya ne. So nake in ji da kunnena."

Lahadin nan ko ƙadangaru ba su fito ba. Auta ta zaunar da Mama a benci na uku, ta ajiye mata gorar ruwa, ta koma ƙofa, idonta bai bar ƙeyar tsohuwar ba. Ta riga ta ƙudura, in ta ga kan nan ya karkata ko kaɗan, za ta ɗauke ta su tafi, a bar wa duniya cocin.

Mawaƙa suka yi waƙoƙinsu uku a haɗe, suka zauna. Darakta ya gyara wayar a kan ƙafafunta, ya gyara kwat, ya karɓi makirfo. Ya sauya murya zuwa wadda ya koyo a kwas, mai rawa a ƙarshe.

"Ya Ubangiji, mun yi sanyi. Ka kawar da duk wani sanyi da ya rage a cikin ɗakin nan."

Ya tsaya, ya bar wa amin wuri. Kowa ya jira benci na uku.

"Ba amin ba," in ji Mama.

Ba ta ɗaga murya ba. Amma da yake babu ƙarar fanka, maganar ta je har bango ta dawo. Darakta ya ɗauka kunnensa ne. Ya ƙara wa muryar rawa.

"Ka hura mana wuta, daga sama har ƙasa, kada ka bar kowa."

"Ba amin ba, ɗana."

Jama'a kuwa shekara arba'in suna bin bakin nan, ba yau za su fara tunani ba. Ɗakin gaba ɗaya ya amsa, "Ba amin ba." A tare, tsaf, abin da mawaƙa suka yi wata guda suna nema. Har da Madam, ta faɗa wa wayarta.

Darakta ya buɗe ido ɗaya. "Mama, sanyin ruhu nake nufi."

"Na sani. Amma cewa ka yi a cikin ɗakin nan. Ɗan abin da ya rage a ɗakin nan shi ne a gorata. In aka amsa maka yadda ka faɗa, kai za ka goye ni zuwa asibiti?"

"Ai Ubangiji ya san nufina."

"Ya sani. Ni ce ba na sa hannu a takardar da ban yarda da rubutunta ba."

Wani dattijo a baya ya yi tari mai kama da dariya. Darakta ya kalli waya, ya kalli Baba Fasto. Baba Fasto kuwa batirin 'yar fankarsa ya mutu tun waƙa ta biyu, rigarsa ta manne masa kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya miƙe a hankali, ya karɓi makirfon.

"Bari Mama ta rufe mana."

Aka sunkuyar da kai. Mama ba ta tashi ba, ba ta kuma karɓi makirfo ba.

"Ubangiji, ka ba mu zafi a zuci, sanyi a jiki. Ka san wanne ne wanne, kada ka haɗa mana su. Ka yi wa yaron nan albarka, ka nuna masa yadda ake cire kwat. 'Yata kuma da ke bakin ƙofa, ka ƙarfafa mata yatsa. Cikin sunan Yesu."

Amin ɗin da ya fito sai da wayar ta girgiza a kan ƙafafunta.

Auta idonta a rufe yake, kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Hannunta dai ya san hanya. Ɗaya, biyu, uku, har da ta huɗun da ta mutu, don kada a ce an nuna bambanci. Ta tsakiya ta yi nishi, ta juya, ta ce ƙiƙ. Shugabar mawaƙa ta ɗaga hannu, suka shiga waƙar rufewa daidai, murya ɗaya.

Darakta bai ce a kashe ba. Yana tsaye ne a ƙarƙashin fankar gaba, ya ɗan buɗe kwat, wai yana duba sauti. A ƙofa ya gaya wa Auta cewa duniya ta kai goma sha ɗaya, kuma wani ya rubuto yana tambayar sunan kayan kiɗan nan mai cewa ƙiƙ. Ya ce zai yi nazari a kai.

Suka kama hanyar gida a hankali, suna bin inuwar katangu, Auta na riƙe da gorar. Sai da suka kusa kwanar gidansu Mama ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Wannan hannun ma na gan shi."

"Ba idonki a rufe yake ba, Mama?"

"Ɗaya," in ji ta. "Ki bar zanen a waje, kada ki mayar akwati."