Hannun Ilshu-bani Wanzami

A birnin Sippar doka ɗaya ce kowane wanzami ya haddace: wanda ya aske wa bawa tukkun bauta ba da izinin ubangijinsa ba, a yanke masa hannu. Ilshu-bani ya shekara ashirin yana aski a bakin kasuwa, bai taɓa kusantar wannan laifi ba, sai da tsohuwa Lamassani ta kira shi gidanta. Tana kwance ta nuna masa bawanta Taribu, ta ce ta 'yanta shi, a aske. Ya aske. Ta miƙa wa Taribu allon 'yancinsa, na yumɓu, an rufe shi cikin kwanson yumɓu, an maimaita rubutun a bayan kwanson. Taribu ba shi da ɗaki, sai ya bar wa matar wanzamin, Beltani, ajiya.

Bayan kwana tara tsohuwa ta rasu. Ɗan ƙanenta, Nur-Kabta, da ya ci gado, ya kama Taribu ya kulle, ya kai ƙarar wanzami. Magatakardan da ya rubuta allon ya bi ayari zuwa birnin Mari mai nisa.

Da safiyar ranar shari'a Beltani ta sauko da allon daga saman tulun sha'ir. Rufin ɗakin ya yi yoyo a ruwan da aka yi. Bayan kwanson ya jiƙe ya sake bushewa, rubutun ya shafe sumul, ko hatimi ɗaya bai saura ba.

Ilshu-bani ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya ɗauko dutsen wasa aska.

"Me za ka yi?" in ji Beltani.

"In fasa in ga ko na cikin ya tsira."

"Iye! Yaushe ka koyi karatu ban sani ba? Ka fasa a nan, wa zai shaida ba kai ka cusa wani allon ba? Kwanso a gaban alƙalai ake fasa shi, maigida. Ajiye dutsen nan."

"In ruwa ya shiga ciki fa?"

"In ya shiga, ya shiga. Fasawarka ba za ta busar da shi ba."

Ya ajiye. Ta naɗe allon a gefen zanenta, suka nufi ƙofar haikalin gunki Shamash, inda ake shari'a.

Alƙalai uku na zaune. Nur-Kabta ya zo da sabuwar riga, gashinsa ya sha man riɗi. Da ya ga abin da Beltani ta kwance, ya yi dariya.

"Iyayena, wannan allo ne ko curin laka? Wanzami, da ka kawo bulo ma ya fi, ko ba komai a yi gini da shi."

"Gwaggonka ce ta ce in aske," in ji Ilshu-bani.

"To, je ka taso ta ta faɗa."

Babban alƙali ya karɓi allon. Ya duba gefe-gefe, ya bi da farce, ya miƙa wa sauran biyun. Babu tsaga, babu alamar liƙi. Ya sa magatakardan kotu ya ƙwanƙwasa. Kwanson ya rabu biyu. Ilshu-bani ya ɓoye hannun damansa a hammata.

Na cikin a bushe yake. Magatakarda ya karanta: Lamassani ta wanke goshin Taribu, ta juya fuskarsa gabas, alamar ta 'yanta shi, babu wani danginta da ke da iko a kansa. Ya karanta sunayen shaidu huɗu. Na uku a cikinsu Nur-Kabta ne.

"Ɗana, wannan sunanka ne?" in ji alƙali.

Nur-Kabta ya ce ya ɗauka ruwa ya cinye rubutun har na ciki.

Aka aika a saki Taribu. Hukuncin mai ƙarar ƙarya kuwa sananne ne: a aske masa rabin kai, a zaga da shi gari. Alƙali ya waiwaya yana neman wanzamin kotu, aka ce ya tafi gona.

"Kai, ka zo da askarka?" ya tambayi Ilshu-bani.

Beltani ce ta zaro ta daga ɗamararta. Ilshu-bani ya karɓa, ya wasa askar sau uku a tafinsa, ya tsaya a bayan Nur-Kabta, ya ce masa:

"Yallaɓai, dama ko hagu?"