Sa Hannun da Ke Kan Wasan Karta

Shekara shida ni ne mai kwamfuta a gidan tsofaffin da muke zaune a Duluth. Ba wanda ya naɗa ni. Da na yi ritaya daga gidan waya ne na koya wa kaina haɗa firinta da nemo hoton jika in ya ɓace, shi ke nan suna ya bi ni. Hawa huɗu ne gidan, kuma da wuya ka sami ƙofar da ba a taɓa leƙowa an ce, "Arvo, zo ka duba mini wannan abin" ba. Wadda ta fi kirana ita ce Lorraine Halvorsen ta hawa na uku. Takan jawo kujera kusa da ni tana kallon yatsuna, in na gama ta ce, "Kai, Arvo!" Ni kuwa in koma ɗaki ina jin kamar na rage shekara goma.

A watan Oktoba Dale Szymanski ya tare a hawa na biyu. Shekara talatin ya yi yana tsaron kwamfutocin wani banki a Minneapolis. Ba shi ya faɗa ba, 'yarsa ce ta faɗa ranar da suka kawo kaya, kafin yamma kowa ya ji.

Wata Laraba muna cin abincin rana sai ga Lorraine rungume da kwamfutarta. Na ture kwanon miyata gefe ina gyara mata wuri. Ta wuce ni, ta ajiye a gaban Dale.

Na ɗauki kwanona na bi ta.

"Talla ne ya ishe ni," take ce masa. "Katifa, maganin ciwon gwiwa, wata mata wai tana neman miji a unguwarmu."

"Ai intanet ke nan, Lorraine," na ce. "Kowa na gani."

Dale bai kalle ni ba. "Ko ba ki shiga intanet ba yana fitowa?"

"Ko wasiƙa nake rubuta wa ƙanwata."

"Me aka saka miki kwanan nan?"

"Wasan karta ne kawai. Arvo ya saukar mana, mu goma sha ɗaya."

"Wasan nan yana da sa hannu," na ce, muryata ta ɗan fi ƙarfin wurin. "Da idona na duba. Kwamfuta ba ta yi gargaɗi ba, har sunan kamfani ta nuna. Ni ba na saka wa mutane abin da ba shi da sa hannu."

"Kana da gaskiya, akwai sa hannu," in ji Dale. Ya buɗe bayanan fayil ɗin ya juyo mini da allon. "Karanta sunan."

Tarnwick Media, aka rubuta.

"Wasan kuma wata mata ce a Oregon ta rubuta shi, ga sunanta a ciki. Waɗannan ɗaukar wasanta suka yi, suka cusa nasu kayan tallan, suka ɗaure, suka buga hatiminsu." Ya cire tabarau. "Kai fa ɗan gidan waya ne, mutumina. Wasiƙa mai rajista tana gaya maka wanda ya aiko, da cewa ba a farke ta a hanya ba. Ta taɓa gaya maka abin da ke ciki alheri ne?"

Da sana'ata ya doke ni, a gaban mutane, kuma da murmushi.

Ya aika fayil ɗin wani shafi inda manhajojin bincike kusan saba'in ke duba abu a lokaci guda. Muka jira. Goma sha huɗu suka yi ja, alamar akwai datti a ciki. Cikin minti goma ya kwashe shara, ya sauko da wasan daga shafin matar da kanta. Lorraine ta dafa kafaɗarsa.

"Kai, Dale!"

Ko muryar ba ta canza ba.

Na bar miyata a nan. A ɗaki na nemo manhajar da na ga ya yi sharar da ita, na sauke. Ba don in koya ba. So nake in kama ta da datti, in sauko da kwamfutata ɗakin cin abinci in juya masa allo yadda ya juya mini. Na duba sa hannun: sunan masu ita ne. Na aika ta shafin binciken nan, duk saba'in suka ce lafiya. Na sake saukewa, na sake aikawa. Lafiya lau.

Tunda ga ni a shafin, sai na aika sauran abubuwan da na saka wa mutane a shekarar. Guda biyar ne. Biyu suka yi ja, har da manhajar buga katin gaisuwa wadda ke kan kwamfutar kusan kowa a gidan.

Washegari bayan karin kumallo na shirya zan zaga ɗakuna a ɓoye, in ce wa mutane sabuntawa ce kawai. Ina buɗe ƙofa na tarar da Dale tsaye.

"Na zaga in cire musu wasan nan, sun ƙi ni," ya ce. "Tsohuwa Beaulieu ko sarƙar ƙofa ba ta cire ba. Wai ba ta san ni ba, Arvo kaɗai ke taɓa mata kwamfuta. Ƙofa uku ke nan."

Wani daɗi ya ratsa ni, ban ɓoye ba. "Ato. Gidan nan ba banki ba ne."

"Na gani. Za ka raka ni?"

"Kai dai za ka raka ni."

Ya yi dariya ya matsa mini na wuce gaba. A matakala na gaya masa zancen sauran biyun, don na san ko ban faɗa ba zai gani. Ya gyaɗa kai kawai.

Ɗaki goma muka shiga kafin rana ta yi tsaka. Ni ke ƙwanƙwasawa, ni ke zama a kujera, shi yana tsaye a bayana yana raɗa mini inda zan taɓa. Duk wanda ya tambayi yadda aka yi, sai Dale ya ce, "Mutanen nan sun iya yaudara, ni ma sun taɓa kama ni." Ƙarya yake, kuma don ni yake yin ta. Da ya ci mini fuska da na san abin da zan yi da shi. Wannan kirkin nasa ne ya tsaya mini a wuya.

A ɗaki na ƙarshe tsoho Gunderson ya kalle mu ya ce, "Yau likita biyu muka samu. Wane ne babban?"

"Arvo," in ji Dale.

"Shi ne," na ce, ban ɗago ba.

Yanzu duk abin da zan sauke sai na karanta sunan mai hatimin, na aika shi bincike, kafin in bar shi ya shiga kwamfutar kowa. Har yanzu ana kirana. Tsohuwa Beaulieu ma cewa ta yi in daina zuwa mata da baƙo.

Ranar Lahadin da ta wuce ina tsaye a taga na hango Dale da Lorraine sun fita, za su bakin tafki kallon jiragen ruwa kafin ruwan ya daskare. Akwai santsi a hanya, sai ta saƙala hannunta a nasa. Yana sanye da wata jar hula mai tuntu. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, da tuntu a ka. Sam ba ta yi masa kyau ba.