Jirgin da Aka Sake wa Suna

Ina tsoron wani jirgin ruwa, kuma ni nake sayar da tikitinsa.

Bara wuta ta tashi a ɗakin injinsa, ta halaka ma'aikata. Yayana Tihomir, mai gyaran lantarki, yana cikinsu. Matafiya suka yi ta fasa tafiya, har ofishinmu na bakin tashar Rijeka ya koma wurin shan kofi. Kamfanin ya gyara jirgin, ya goge sunansa Lastavica ya rubuta Bonaca, ya karya farashi. Maigidana a ofis, Zdravko, ya gargaɗe ni kada tsohon sunan ya ƙara fita daga bakina. Na amsa, domin diflomata ba ta samo mini wani aikin ba, kuma ni kaɗai na rage wa mahaifiyata.

Ranar Laraba maƙwabciyarmu Gwaggo Nevenka ta shigo da mijinta, Baba Frane. Ita ce ta riƙa dafa mana miyar wake a kwanakin makoki.

"Ɗana, shekara arba'in tsohon nan yana min alkawarin yawon teku," in ji ta, "iyakar inda ya kai ni kasuwar kifi."

"Ke da ko jirgin fito kika hau sai kin yi amai?" in ji Baba Frane. "Ba mu mai arahan nan, yaro, kafin ta sake shawara."

Ta ɗora yatsa a kan hoton farin jirgin, ta sassauta murya. "Sabo ne ko? Na rantse ba zan kwana a wanda ya cinye mana Tihomir ba."

"Sabo fil, uwargida!" in ji Zdravko daga teburinsa, idonsa a kaina.

Masu bincike sun ce jirgin lafiyarsa lau, mai yiwuwa kuma gaskiya suka faɗa. Amma ba wannan ta tambaya ba. Na dubi hoton, na gane ƙaramar tagar da yayana yake ɗago mana hannu ta cikinta idan za su tashi. Gwaggo tana ta murmushi, tana lalube jaka.

Na miƙe.

"Gwaggo, shi ne. Fenti da suna kawai aka sake." Na juya wajen Zdravko. "Maigida, daga yau duk wanda ya tambaye ni, haka zan gaya masa. In kora ce, yau zan tafi."