Shafi Goma Gaba da Ƙannensa

Ni na zaɓi littafin da kaina, kuma har yau ban ce na yi kuskure a zaɓin ba. Inda na yi kuskure daban ne, zan zo wurin.

Sunana Hansai. Shekara goma sha shida ke nan muna Riyad, a unguwar Shifa, ni da maigidana Malam Tamimu, wanda ke aiki a siton wani kamfanin magunguna. 'Ya'yanmu uku. Tun zamanin korona da aka rufe makarantu na fara koyar da su a falo. Da aka buɗe kuwa na ce babu inda za su, don abin da na ɗura musu a wata shida ya fi abin da suka kwaso a shekara biyu. Na yi koyarwa a Zariya kafin aure, ba yau na fara riƙe alli ba. Muka yi musu rajista da wata makarantar nesa, su su turo jarrabawa, ni in yi aikin.

Babban shi ne Uwais, shekararsa goma sha huɗu. Na rubuta sunan ne kawai don ku sani, amma bakina bai taɓa furta shi ba, ɗan fari ne. Yayansu nake ce masa. Sai Ikilima mai shekara goma, wadda in ta ji abu sau ɗaya ya zauna ke nan. Sai auta Mahbuba, shekara shida, ita ba ta da aiki sai kwaikwayon na gaba da ita.

Bana makarantar ta aiko cewa Yayansu ya kai ajin da dole ya ɗauki ƙarin harshe guda. Larabci ba za su lissafa masa ba, wai ya zama harshen gida. Suka ce ko Faransanci, ko Sifaniyanci, ko Latin. Malam Tamimu bai ko tsaya shawara ba. Mutumin da ke wuni yana karanta kwalayen magani, ya ce duk sunayen nan masu karya harshe daga Latin aka samo su, ɗansa kuma likita zai zama. Ni kuma na ce tunda za a fara, har ƙananan su shiga, ba zan dawo in sake wannan wahala bayan shekara huɗu ba.

Akwai zaurenmu na waya, na iyaye mata masu koyarwa a gida, 'yan ƙasashe daban-daban. Ina tambaya suka yi mini ruwan shawara. Na tace, na fitar da tsari uku, na je shagon buga takardu na bayan masallacinmu aka buga mini samfurin kowanne, na baje su a kan darduma.

Na farko duk waƙe-waƙe ne da hotuna, har da wani kwaɗo mai hula da ke koyar da gaisuwa. Mahbuba ta rungume shi. Na dubi Yayansu, da gashin baki ya fara tsiro masa, na san in na sa shi rera waƙar kwaɗo ba zai yafe mini ba. Na biyu labari ne tun daga farko har ƙarshe, babu fassara ko ta kalma ɗaya, wai yaro ya yi ta karantawa har ya gane da kansa. Na karanta shafi uku ban gane komai ba, na ce wannan sai gidan da malamar ta riga ta iya. Na uku kuwa ƙato ne, babu hoto, babu wasa. Jerin kalmomi a haddace, jimloli a fassara, ga muryar wani dattijo a waya yana biya kowane darasi. Jimlolin duk manomi ne da matuƙin jirgi da yarinya mai ɗebo ruwa, ga yarana ko gona ba su taɓa gani ba, amma wannan bai dame ni ba.

Wata 'yar Pakistan a zauren ta ce in sayi uku, kowane yaro da nasa. Na ce mata ni ce malama, ni ce mai girki, ni ce mai wanki, kuma ni kaina ban san Latin ba, tare za mu koya. Littafi uku ai sai in haukace. Na ɗauki ƙaton. Yaran da suka haddace izu-izu na Alƙur'ani tun suna ƙanana ba jerin kalmomi ne zai ba su tsoro ba. A nan na yi daidai.

Kuskurena shi ne na zaunar da su ukun a darduma ɗaya, shafi ɗaya, rana ɗaya.

Sati biyu aka yi lafiya. A na uku Ikilima ta fara tsere wa yayanta. Kafin ya gama haɗa jimla ta faɗe ta. Ni kuwa, don rashin lura, har daɗi nake ji, ina ganin kishi zai zaburar da shi.

Ranar da abin ya fashe, maƙwabciyarmu Sumayya, 'yar Maraɗi, ta shigo aron turmi ta tarar muna karatu, ta zauna kallo. Na ce Yayansu ya fassara layi na biyar. Ya fara, ya kakare. Ya sake farawa, ya sake kakarewa.

"Ba haka ba ne, Yaya," in ji Ikilima, ta karanto layin tsaf, tana dariya.

Mahbuba ta maimaita, har da tafi.

Sumayya ta ce, "Kai, masha Allah! Ashe ƙaramar ce malamar."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma na ga yadda fuskar yaron ta canja. Ya rufe littafin a hankali ya ce, "Halas, shi ke nan, Umma. Ba na so." Ya shige ɗaki.

Na ɗauka fushin yini ɗaya ne. Sai ya zama na sati uku. Ba Latin kaɗai ya ajiye ba, har lissafi da kimiyya, in na matsa ya zauna ya zuba wa takarda ido kamar an dasa shi. Makarantar ta aiko wa ubansa saƙo cewa ba a turo aikin yaro ba.

Malam Tamimu ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ya yi magana ake tsoro. Ya dawo daga aiki, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Hansai, daga nan zuwa ƙarshen Sha'aban, in ban ga yaron nan ya kama karatu ba, Gusau zan tura shi wurin Yaya Maulud, ya sa shi makarantar kwana. Na riga na yi masa maganar."

Da Ikilima ce ko Mahbuba, da na tsaya na yi ta musu har ya gaji. Amma a gidan da na tashi, uwa ba ta roƙa wa ɗan fari alfarma, ba ta nuna ta damu da shi, ko a gaban ubansa. Na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Na shiga kicin na yi ta yanka albasar da ba na bukata. Ba na so ya tafi. Yaron da aka haifa a nan, Hausarsa ma sai a hankali, a ɗauke shi a kai shi inda zan riƙa ganinsa shekara-shekara? Zuciyata ta ƙi. Saura sati bakwai.

Na yi kwana biyu ina juya abin, sai na tuna zauren babanmu a Zariya, inda muka yi karatun allo. Mu fi arba'in, malami ɗaya, amma ban taɓa ganin mutum biyu a kan layi ɗaya ba. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam manya kawai yake yi wa ƙari, su kuma su juyo su biya wa na ƙasa. Babu wanda ƙaninsa ya taɓa gyara masa karatu a bainar jama'a, don ba a taɓa ba su abu ɗaya ba. Na ce wa kaina, ke Hansai, da wannan a hannunki kika tsaya bin tsarin masu littafi?

Washegari na ɗauki ƙaton littafin na koma shagon buga takardu, na ce a yanke masa gindi. Mai shagon ya dube ni sau biyu, ya tambaya ko na tabbata. Na ce yanka. Na dawo da shi a warware, takarda-takarda, na zuba a jaka na sa a saman kwaba.

Bayan sallar asuba, ubansu ya fita, 'yan matan sun koma barci, na ƙwanƙwasa wa Yayansu.

"Zo ka taimake ni," na ce. "Kaina ya tsufa da haddar nan. Ina ji tana zubewa."

"Ki kira Ikilima mana," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Ikilima yarinya ce. Ta iya haddacewa, ba ta iya koyarwa ba. Ni mai biya musu nake nema. Ni da kai za mu yi gaba da shafi goma, babu mai jin mu. Ƙarfe goma ka hau kujera, ka ba su shafi ɗaya. Wadda ba ta iya ba, kada ka ƙara mata."

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Ni zan ce ta iya ko ba ta iya ba?"

"Kai kaɗai."

Ya fito.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Kwanakin farko ni da shi muka yi ta tuntuɓe, mu kunna muryar dattijon nan mu mayar, mu sake mayarwa. A nan na gane yaron ba daƙiƙi ba ne, shi dai ba ya wuce abu sai ya san dalilinsa, kuma hakan na cin lokaci. Da babu mai yi masa dariya, sai ga shi yana kama abin da ni na kasa. Ƙarfe goma ya zauna a kujerata, ya miƙa wa Ikilima takarda ɗaya, ya biya mata, ya sa Mahbuba ta maimaita kalmomi biyar da ka. Har wata murya ya samo, mai kauri, da ban san yana da ita ba.

Ikilima ta ba ni mamaki. Na yi tsammanin rigima, sai na ga ta lafa. Tana tambaya, tana kuskure nan da can, yana gyara mata. Na ce a raina, ashe da ma gaggawa ce ke sa ta yi kamar ta fi kowa. Na yaba wa kaina ƙwarai. Lissafi da kimiyya ma suka dawo, don wanda ake kira malam da hantsi kunya yake ji a ce bai yi aikinsa ba da azahar.

Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban, bayan an sauko daga masallaci, Malam Tamimu ya zauna a falo ya ce a yi karatu yadda aka saba, shi ɗan kallo ne. Na ɗaure fuska na zauna a bakin ƙofar kicin kamar abin bai shafe ni ba.

Yayansu ya biya darasin. Mahbuba ta kawo kalmominta biyar. Ikilima ta fara fassara, ta yi layi uku lafiya, a na huɗu ta kakare, ta faɗi wani abu daban.

"A'a, duba da kyau," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. Ya matso, ya sa yatsa a kan layin, ya warware mata shi kalma-kalma, har da kawo misali daga shafin baya. Ta maimaita daidai.

Uban ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauki waya ya fita baranda. Ina jin sa yana cewa, "Yaya Maulud, maganar yaron nan, a bar ta. Yana da aiki a nan."

Na tashi na ɗora shayi.

Da la'asar na zaunar da Ikilima a gabana ina yi mata kitson azumi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da kibiya, tana ƙunƙuni ƙasa-ƙasa yadda yara ke yi in hankalinsu ya tafi wani wuri. Na kasa kunne. Latin ne. Kuma ba darasinta ba ne. Wanda ni da Yayansu muka yi da asubahin ranar ne, shafi goma gaba da inda take, tana jero shi babu gargada.

Na tsayar da hannu. "Ke, a ina kika ji wannan?"

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Magana nake yi miki."

"Ba na komawa barci, Umma," ta ce a hankali. "Ina jin ku ta ƙofa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"To layin da kika kasa ɗazu a gaban Abbanku fa?"

Ta juya kibiyar a hannunta. "In ban yi kuskure ba, me Yaya zai gyara?" Sannan ta ƙara, "Na ji abin da Abba ya ce ranar nan. Ke ba za ki ce kada a kai shi ba. Ni kuma in na faɗa ba za a ji ba." Ta ɗago kai kaɗan. "Kada ki gaya wa Yaya."

Sati bakwai yarinyar nan tana zaune gaban yayanta tana tambayar abin da ta sani, ni kuwa ina can ina yaba wa dabarata.

Na ce ta gyara zama, kitson ya karkace. Bai karkace ba, ni ce ba na ganin tsagar sosai.